Daga kaset zuwa memori: tarihin tura waƙa, da dalilin da ya sa rediyon Baba ya ƙi karanta sabon memori

Yau tarihi za mu ɗan taɓa kafin mu zo kan saiti, amma ka daure ka karanta har ƙarshe. A cikin tarihin nan ne amsar wata tambaya take, wadda kusan kullum sai an kawo min ita shago: me ya sa na tura waƙoƙi a memori, a waya suna yi lafiya lau, amma da na sa a rediyo ko MP sai ya ƙi karantawa?

Abin da ya sa na ɗauko maganar wani dattijo ne da ya zo wurina ranar wata Litinin. Ya taso daga cin kasuwar Shuwarin, ya biyo ta nan Dutse kafin ya wuce gida. Ya zaro ƙaramin rediyo daga aljihu, irin mai cin memori da filas ɗin nan mai tocila a ka, ya ajiye a kan teburina tare da memori guda biyu ƙulle a leda.

Ya ce, "Yaro, duba min abin nan. Wannan memorin ɗana ne ya aiko min da shi daga Legas, ya ce ya cika shi da karatu da wa'azi da waƙoƙin Shata, amma na sa shiru kake ji. Wancan kuma tsohon nawa ne, shekara biyar muna tare, rannan kawai ya ɗauke."

Na ce, "To Baba, zauna mu gani."

Na sa su a kad rida ɗaya bayan ɗaya. Sabon mai 64GB ne, lafiyarsa ƙalau, komai yana ciki. Tsohon mai 2GB ne, kwamfuta ma ba ta ganinsa sam. Na ce masa sabon yanzu za a shawo kansa, tsohon kuwa sai haƙuri. Sai ya yi jim, ya ce ai tsohon ne damuwarsa. Akwai muryar yayansa a ciki, wanda ya tafi Saudiyya tun zamanin Shagari, bai dawo ba har Allah ya yi masa rasuwa a can. Kaset ya taɓa aiko musu ta hannun alhazai yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, daga baya wani yaro ya juye musu muryar a wannan memorin.

Za mu dawo kan Baba. Amma matsalolinsa biyun nan, wanda ya ƙi karantawa da wanda ya mutu, kowacce tana da asali. Bari mu faro daga tushe.

ZAMANIN KASET

Kafin kaset akwai faifan garmaho, amma wannan kayan masu hali ne, kuma ba ka iya ɗaukar komai a kansa, abin da kamfani ya buga shi za ka ji. Kaset ne ya sauko da abin hannun talaka. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. A 1979 kuma kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar rikoda da za ka rataya a ƙugu ka sa abin ji a kunne. Ita ce kakar duk wata MP da kake gani yau.

A wurinmu dai babbar rikoda mai batir ita ta yi tashe, wadda ake ajiyewa a teburin mai shayi, ko a shagon tela, ko a ɗakin amarya an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni, kaset ne sarki. Da shi ake jin Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, da namu na gida Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Da shi ake jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Nasiru Kabara, da ƙasidun masu bege. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai kaset ɗin waƙoƙin fim ya zama kasuwa mai zaman kanta. Akan saki waƙoƙin tun kafin fim ya fito, kuma daga Kano ake saro su, musamman Ƙofar Wambai, a bazu da su kasuwannin ƙauye irin su Shuwarin da Gujungu da Sara.

Abin da nake so ka lura da shi a nan: tun a wancan lokacin akwai mai tura waƙa, sunan ne kawai bai zo ba. Mai shagon kaset yana da rikoda mai baki biyu. Ka sayi kaset wanda ba komai a kansa, mai minti 60 ko mai minti 90, ka faɗa masa waƙoƙin da kake so, ya juye maka. Sai dai aikin yana cin lokaci, kuma duk juyi ɗaya sai murya ta ragu. Wanda aka juya daga wanda aka juya, sai ka ji shi da shuuu kamar ana ruwan sama. Wannan ne ya sa kaset na asali bai rasa masu saye ba.

Ni ƙarshen zamanin na riska ina yaro. Na tuna yadda ake zura biro a ramin kaset a juya don kada a ƙarar da batir, da yadda rikoda ke cinye zare a zauna a warware shi a hankali, in ya tsinke a liƙe. Waƙar za ta ɗan yi tsalle a daidai wurin, amma sauran duk suna nan. Ka riƙe wannan maganar, za mu buƙace ta a gaba.

CD DA HAIHUWAR MP3

Faifan CD ya fito a 1982, haɗin gwiwar Philips da Sony, amma bai zama ruwan dare a nan ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da na'urorin kallo 'yan China suka yi araha. Muryarsa garau take, kuma juyi ba ya rage ta. Matsalarsa nauyi: minti ɗaya na sautin CD yana cin kusan 10MB, shi ya sa faifai mai 700MB ba ya wuce minti 80.

Masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su suka yi shekaru suna neman yadda za a rage wannan nauyin. Dabarar da suka bi mai sauƙin fahimta ce. Kunnen ɗan Adam ba komai yake ji ba. In an buga ganga da ƙarfi, ƙaramin sautin da ya zo tare da ita kunne ba ya kama shi. To sai a zubar da duk abin da kunne ba zai lura da rashinsa ba, a bar sauran. Da haka minti ɗaya ya dawo kusan 1MB a matakin 128kbps, wato an rage nauyi kashi goma an bar ɗaya. An amince da tsarin a farkon shekarun 1990, sunan .mp3 kuma a watan Yulin 1995 aka raɗa shi.

Na'urar aljihu ta farko da ta shiga kasuwa tana karanta MP3 ita ce MPMan, daga Koriya ta Kudu, a 1998. Mai 32MB ce. Yi lissafi da kanka: kusan rabin awa ke nan, ko kaset ɗaya ba ta kai ba. A shekarar ne kuma Rio ta fito a Amurka. Sai ranar 23 ga Oktoba, 2001, kamfanin Apple ya fito da iPod mai 5GB, wanda aka tallata da cewa yana ɗaukar waƙa 1,000, a kan dala 399.

To me ya sa iPod bai yi kasuwa a Dutse ba? Tsada na ciki, amma akwai abin da ya fi tsadar. An ƙera shi ne don mutumin da yake da kwamfutar kansa a ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai ka sa manhajar iTunes a kwamfutarka, ka tara waƙoƙinka a ciki, sannan ka jona iPod ya kwasa. Ba a yi shi don ka miƙa wa abokinka waƙa ba, ba shi da ramin memori, ba ya kuma son yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Mu kuwa a lokacin kwamfuta sai ofis da shagon buga takardu. Don haka hanyarmu daban ta biyo.

WAYA, MEMORI DA 'YAN DAUNLODIN

A watan Agustan 2001, wata biyu kafin fitowar iPod, layin GSM ya fara aiki a Najeriya, da Econet da MTN, Glo kuma ta biyo baya a 2003. Wayoyin farko irin su Nokia 3310 ba sa ɗaukar waƙa, iyakarsu ƙarar kira. Abin da ya sauya komai ɗan ƙaramin katin nan ne da bai kai farce ba. Kamfanin SanDisk ya fito da shi a 2004 da sunan TransFlash, a 2005 aka mai da sunan microSD. Shi ya sa har yau in ka duba jikin rediyonka ko MP za ka ga an rubuta TF a bakin ramin memori. Tsohon sunan ne bai goge ba.

Da wayoyi masu cin memori suka yawaita, su Nokia masu kiɗa da 'yan China masu layi biyu da lasifika kamar ta masallaci, sai sabuwar sana'a ta tashi. Saurayi ya samu kwamfuta ta hannu, da kad rida, da ƙaramin janareta, da lasifika, ya kafa tebur. Sau da yawa shi ne kuma mai cajin waya. Ka kawo memorinka ka ce a sa maka Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Fati Nijar, ko Aminu Ala, ko waƙoƙin Indiya, ko karatun Alaramma Ahmad Sulaiman, ko tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam. Minti kaɗan an gama. Su ake kira 'yan daunlodin, ko da yake yawancinsu ba daga intanet suke saukewa ba. Daga Kano ake zuwa a ciko babban hadis a kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut, a dawo a raba wa na ƙasa, su ma su raba wa na ƙauye. Hanyar da kaset ya bi ita fayil ya bi, kayan ne kawai ba sa buƙatar buhu.

A irin wannan teburin na fara, kafin in koyi riƙe ayan da mita. Aikina a lokacin shi ne in zauna gaban kwamfutar maigidana bayan an tashi daga makaranta, in dinga jan folda ina zubawa a memorin mutane. A nan na gane cewa kowa da irin kunnensa. Direban mota yana son dogon abu da zai kai shi Kano ya dawo, matan aure su aiko yaro da takarda an jera sunayen waƙoƙin biki, dattawa kuma karatu da wa'azi da Shata.

Bayan shago kuma sai Bluetooth. In kana da shekaruna ka tuna yadda ake haɗa wayoyi biyu a tsaya ana kallon layin nan yana tafiya a hankali, ana addu'ar kada caji ya ƙare. Daga baya Flash Share da Xender suka zo, abin da ke cin minti ya koma daƙiƙa, kuma ba ko sisin data.

Kada ka raina wannan hanyar tamu, ta kai waƙa inda kamfani bai isa ya kai ta ba. Misali, Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka dinga yawo daga waya zuwa waya har Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a memorin mutane, ya sa ɗaya a wani kundi da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara. Yau mutumin yana zagaya Turai da Amurka yana wasa.

Amma gaskiya ɗaya ce, abin ya zo da asara. Tunda kwafi na dubu daidai yake da na farko, babu sauran dalilin sayen na asali. Masu shagon kaset da CD da yawa sun rufe ko sun sauya sana'a. Mawaƙi ya kashe kuɗi a situdiyo, waƙa ta zaga Arewa kaf, amma abin da ya shigo aljihunsa daga turawar bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa da yawa suka koma dogaro da wasan biki da waƙar siyasa, daga baya kuma YouTube da Audiomack da Boomplay. Mu da muka ci abinci da turawa, ya kamata mu faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba. In kana da data, saurari mawaƙin da kake so a shafinsa na gaskiya, ko ba komai wani abu zai shiga hannunsa.

Shi kansa iPod ɗin, waya ce ta cinye shi, Apple ya daina ƙera shi a watan Mayun 2022. Amma ɗan rediyo mai memori yana nan daram a ƙauyukanmu, domin ba ya son data, ba ya son karatu, caji ɗaya kuma ya wuni da manomi a gona.

ABIN DA YA HANA REDIYON BABA KARANTAWA

Yanzu mu koma kan sabon memorin. Ɗan guntun da ke cikin irin wannan rediyon mai araha ne, kuma yaren da ya iya na wancan zamanin ne: fayil ya zama MP3, memori kuma ya zama a tsarin FAT32. Duniya ta yi gaba ta bar shi a nan, ta hanya biyu.

Ta farko girman memori. Daga 4GB zuwa 32GB ana kiransu SDHC, sun fito a 2006, kuma da FAT32 suke zuwa. Daga 64GB zuwa sama ana kiransu SDXC, sun fito a 2009, kuma da wani tsari suke zuwa mai suna exFAT. Wayarka ta Android ta iya shi, yawancin ƙananan rediyo da MP ba su iya ba. A wurin rediyon Baba, wannan memorin kamar wasiƙa ce da aka rubuta da harshen da bai sani ba.

Ta biyu nau'in fayil. Ɗan nasa da waya ya tara kayan. Waɗanda ya sauke da manhajojin sauke bidiyo yawanci M4A ne, saƙonnin murya na WhatsApp kuma OPUS ne. Duk waya tana kunna su, shi ya sa bai lura ba. Rediyon kuwa tsallake su zai yi kamar babu su.

Ga yadda na yi masa, kuma haka za ka yi in kana haɗa wa iyayenka:

1. Nemi memori mai 8GB ko 16GB, kada ka wuce 32GB. Kada ka ga kamar ya yi kaɗan. A matakin 128kbps, 8GB yana ɗaukar sama da awa 120 na sauti. Akwai manhajojin da ke tilasta wa mai 64GB ya koma FAT32, wani rediyon ya karɓa wani ya ƙi, don haka ƙaramin ya fi kwanciyar hankali.

2. Tabbatar ba jabu ba ne. Kasuwa cike take da memori masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, a rubuce 32GB, amma cikinsu bai kai ko kusa ba. Alamarsa ita ce ka tura kaya ya nuna sun shiga, daga baya na ƙarshen su ƙi buɗewa. A kwamfuta akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika memorin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa.

3. Yi masa fomat a FAT32 kafin ka zuba komai. Ka tuna fomat yana share duk abin da ke ciki, don haka kwashe kayanka tukuna.

4. Mai da duk fayilolin MP3 na gaske, da Format Factory ko VLC a kwamfuta, ko wata manhajar canza sauti a waya. Goge .m4a ka rubuta .mp3 a ƙarshen suna ba ya canza komai, kamar ka sauya wa buhun gero rubutu ne ka ce ya zama shinkafa. Ga wa'azi da karatu 64kbps ya wadatar, ga waƙa ka bar shi 128kbps ko sama.

5. Raba su a folda kaɗan: karatu, wa'azi, waƙa. Kada ka yi folda cikin folda cikin folda. Ka sa lamba a gaban suna, 001, 002, 003, musamman surorin Alƙur'ani da darussan tafsiri. Sannan ga wani sirri: da yawa daga cikin rediyoyin nan ba sa bin suna, suna bin wanda ya riga shiga memori ne. In kana son Fatiha ta zo kafin Baƙara, tura su a jere, folda ɗaya bayan ɗaya.

6. In ka gama, cire shi ta hanyar da kwamfuta ko waya ta tanada, kada ka fizge. A rediyo ma kashe shi kafin ka zare memori. Kuma in ka kai memorinka shago ka dawo ka ga foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a jiki, bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna su, kada kuma ka yi saurin fomat, yawanci kayan suna nan ana iya fito da su.

Na kwashe kayan Baba na canza su, na zuba a mai 16GB, na sa a rediyo. Take karatu ya tashi. Ya yi murmushi ya sa min albarka, amma na ga hankalinsa yana kan ɗaya ledar.

WANDA YA MUTU

Ka tuna na ce ka riƙe maganar zaren kaset? To ga inda take. Kaset a hankali yake tsufa. Murya ta dushe, wani wuri ya tauye, amma yana ba ka shekaru kana ganin alama. Memori ba ya sallama. Bayanan da ke cikinsa ɗan cajin lantarki ne da aka tsare a ƙananan ɗakuna, kuma akwai wani ɗan guntu da ke riƙe da taswirar inda komai yake. Zafi, ko fizgewa yana cikin aiki, ko tsufa, ko rashin inganci tun daga masana'anta, kowanne yana iya kashe wannan guntun. Ranar da ya mutu, komai ya tafi lokaci ɗaya. Ko ajiye shi ka yi a akwati shekara da shekaru ba ka taɓa ba, cajin yana iya zurarewa. In kwamfuta tana ganin memori amma fayil ya ɓace, akwai manhajojin da ake gwadawa. In ba ta ganinsa sam, a irin shagunanmu babu abin da za mu iya.

Na tambaye shi, "Baba, kaset ɗin fa, yana ina?"

Ya ce tun da aka juye bai ƙara bi ta kansa ba, amma zai sa a duba cikin adakar tsohuwarsu.

Litinin ta zagayo sai ga shi da kaset a nannaɗe cikin tsumma, rubutun ajami a jikinsa ya kusa gogewa. Neman rikoda mai aiki ya fi komai ba mu wahala. Sai da na zaga wurin masu gyaran rediyo kafin na samu wata, muka sauya mata roba muka goge kanta. Na jona waya daga ramin abin ji na rikodar zuwa kwamfuta, na rage ƙara don kada murya ta fashe, na ɗauka da Audacity, ita ma kyauta ce. Gefe ɗaya ya lalace, ba a jin komai sai gurnani. Ɗaya gefen kuwa muka samu kusan minti ashirin garau. Mutum yana sallama, yana kiran sunayen 'yan'uwansa, yana tambayar damina da lafiyar dabbobi. Baba ya sunkuyar da kai har aka gama, ni ma ban ce komai ba.

Kaset ɗin ya haura shekara talatin a cikin adaka ya ba mu rabi. Memorin shekara biyar bai ba mu ko daƙiƙa ɗaya ba. Da an yar da kaset ɗin ranar da aka juye shi, kamar yadda gidaje da yawa suka yi, shi ke nan.

Wannan karon wuri uku na ajiye masa: a memorin rediyonsa, a wani memorin daban da zai adana a gida, na kuma tura wa ɗan nasa na Legas na ce ya ɗora a Google Drive ɗinsa, tunda kowane mai Gmail yana da 15GB kyauta. Na kuma ce kaset ɗin a mai da shi adaka, a nesa da zafi da laima.

Waƙar Shata ko tafsirin manyan malamai in sun goge a memorinka, gobe za ka same su a wurin wani, domin mutane dubbai suna da su. Abin da ke hannunka kai kaɗai shi ne abin tsoro: muryar kakarka, waƙar da aka yi a bikin iyayenka, karatun malamin unguwarku da ya rasu, saƙon murya na ƙarshe da wani naka ya turo maka. Yau da daddare ka buɗe wayarka ka duba irin waɗannan, ka yi musu kwafi a wuri na biyu da na uku. In kuma akwai tsofaffin kaset a gidanku, tambayi su Inna kafin yara su mai da zaren abin wasa. Ko ba ka da kwamfuta, samu rikoda ka shiga ɗaki shiru, ka ajiye waya kusa da lasifika ka ɗauka. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

A darasi na gaba insha Allahu zan nuna muku dalla-dalla yadda ake canza fayil zuwa MP3 da waya kawai, da yadda ake fito da foldojin da bairos ya ɓoye. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya sa mu amfana da abin da muka karanta.